Waya a bakin ruwa: muhawarar iyayen yara masu gasar ninkaya a Katsina

Koci:
Assalamu alaikum iyaye, barkanmu da warhaka. Akwai maganar da nake so mu tattauna kafin Asabar, don ba na son in yanke hukunci ni kaɗai a kan 'ya'yan mutane. Ina so daga yanzu duk yaron da ya zo atisaye ya sa wayarsa cikin akwatin da zan ajiye a bakin ƙofa, sai an tashi ya ɗauka. Ranar gasa kuwa, tun daga karin kumallo har ya gama iyonsa na ƙarshe, ba za a bar mashi waya ba.

Ga dalilina. A ninkaya hutu ma a ƙidaye yake. In na ce a yi mita 100 sau goma, ana tashi duk bayan minti biyu, wanda ya taɓa bango a minti ɗaya da daƙiƙa arba'in, daƙiƙa ashirin kacal gare shi: ya ja numfashi, ya dubi agogo, ya ji gyaran da zan yi mashi. Wannan suna yi lafiya lau, tunda suna cikin ruwa. Inda abin ke lalacewa shi ne in na ba da hutun minti biyar tsakanin kashi da kashi. Sai ka ga yaro ya fito yana ɗigar ruwa, ya nufi jaka, ya goge yatsa ɗaya da tawul, ya duƙufa. Kafin ya dawo jiki ya huce, ballantana yanzu da hunturu ya kama, kuma bayanin da na yi ko kalma bai ji ba. Awa biyu otal ke ba mu kwamin iyon nan, da kuɗinku kuma ake biya. Ina sauraron ra'ayinku.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam Malam Koci, Allah Ya saka da alheri. Ni dai ba don gayu na saya masu waya ba. Daga Ƙofar Kaura suke hawa Napep su biyu, kuma kowa ya san halin da jihar nan ke ciki. In na kira ba a ɗauka ba, hankalina ba ya kwanciya har sai na ji muryarsu. Yaya za a yi da wannan?

Koci:
Hajiya, za su zo da ita su koma da ita. Da sun iso su yi maki saƙo kafin su ajiye. Tsakanin nan kuwa tawa a kunne take, kina da lambata.

Maman Biyu:
To wannan da sauƙi. Amma na ranar gasa ban yarda ba tukuna.

Baffa na Ƙofar Marusa:
Salamu alaikum. Malam Koci, ni a ganina ka ma yi sassauci. Yaro ɗan shekara goma sha uku me ya haɗa shi da babbar waya tun farko? Jikana da nake kawowa ƙarama ce a hannunsa, ta kira da amsawa, kuma ban ga abin da ya rasa ba. Mu da muka koyi iyo a kududdufan bayan gari ba mu da koci, ba mu da tabarau na ruwa, da yawanmu har tsargiya muka kwasa. Su an ba su ruwa mai tsabta da malami, abin da ya rage masu kawai su kawo hankalinsu, shi ɗin ma waya ta kwashe. A karɓe ta gaba ɗaya, a gida da waje, a huta.

Likita:
Baffa ranka ya daɗe, bari in sa baki. Akwatin bakin ƙofa yana da kyau, amma ɓarnar da ta fi girma ba a gaban Koci ake yin ta ba, a kan katifa ake yi. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce yaro daga shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a kullum. Mu yi lissafi da rayuwarmu ta nan. Yaron da zai tashi Asuba wajen biyar da rabi, in ana son ya samu ko da awa takwas, tara da rabi ya kamata a ce ya yi barci. Ku gaya mani gaskiya, gida nawa ake haka? Ga garaɓasar data ta tsakar dare da kamfanonin waya ke sayarwa da araha, yara sun fi mu sanin lokacin da take farawa. Ga wuta, sau da yawa sai dare ake kawo ta, a lokacin ake caji, a lokacin ake hira.

Mai ninkaya ba kamar sauran yara ba ne. Cikin barci mai nauyi ne jiki ke gyara tsokar da aka wahalar da rana, a nan ne kuma ƙwaƙwalwa ke adana sabon motsin da aka koya. Yaron da ya kwanta ƙarfe ɗaya ya zo ruwa da safe, ko an kulle wayarsa a akwati bakwai, ya riga ya bar rabin ƙarfinsa a gida. Kuma gajiya a ruwa ba kamar gajiya a filin ƙwallo ba ce, inda za ka zauna a ƙasa ka huta.

Maman Biyu:
Wallahi Likita ka taɓo inda ke mani ƙaiƙayi. Nakan ga haske ta ƙarƙashin ƙofarsu.

Ɗalibin Jami'a:
Salamu alaikum iyayena. Ni ma a hannun Koci na koyi iyo, yanzu ina taya shi kula da ƙanana ranar Asabar. Ku yi mani haƙuri in faɗi ɓangaren yaran, tunda ba su cikin wannan zaure.

Baffa, a Katsina yaro a ina zai ga gwanin ninkaya da idonsa? Ba a nuna gasar a talabijin ɗinmu sai jefi-jefi. Juyawar da ake yi a bango, wadda mutum ke ƙundumbala ya tokare da ƙafa, a YouTube na fahimce ta, ina rage gudun bidiyon ina kallo ina maimaitawa. Iyon malam-buɗe-littafi ma haka, yadda bugun ƙafa biyu ke tafiya da jan hannu ɗaya. Koci yana bayani, amma gani daban ne. Ku tuna Eric Moussambani na Equatorial Guinea a Olamfik ta Sidni a 2000. A ƙaramin kwamin otal ya yi atisaye kamar mu, bai taɓa ganin kwami mai mita 50 ba sai da ya je can, ya yi mita 100 a minti ɗaya da daƙiƙa 52 da 'yan kai, da ƙyar ya kai bango. Yaronmu na yau ko bai taɓa shiga irin wannan kwami ba, ya san kamanninsa, ya san yadda ake tashi daga kan dakali, ya san in ka riga ƙarar tashi motsawa an fitar da kai ke nan. A waya ya sani. In an karɓe ta gaba ɗaya an rufe mashi tagar da yake leƙen duniyar wasan.

Baffa na Ƙofar Marusa:
Yaro, cikin awa biyar da suke yi a kan waya, minti nawa ne na kallon iyo? Ka faɗi tsakaninka da Allah.

Ɗalibin Jami'a:
Kaɗan ne Baffa, ba zan musa ba. Amma wannan kaɗan ɗin ba su da inda za su same shi in ba nan ba.

Alhaji daga Daura:
Ina bayan yaron nan a wannan gaɓar. Daga Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne, ba zan iya kawo ɗana kullum ba, sai ƙarshen mako. Sauran kwanakin atisayen ƙasa yake yi a tsakar gida, da igiyar roba da motsa kafaɗa. Yayansa ya ɗauke shi bidiyo mu tura wa Koci ta WhatsApp, shi kuma ya maido da saƙon murya: gwiwar hannu ta yi ƙasa, kai ya ɗagu da yawa. Ba don waya ba da tuni mun haƙura. Saboda haka maganar a karɓe gaba ɗaya ba ta taso ba a wurina. Na bakin ruwa dai na amince.

Malama:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ba wanda ya ambata, kuma a wurina ya fi ɗauke hankali muhimmanci. Kowace waya kyamara ce. 'Yan matan da ke zuwa nan, kun san da irin lallashin da aka samu iyayensu maza suka yarda: lokacinsu daban, kayan iyo masu rufe jiki, mace a bakin ruwa. Hoto ɗaya in ya fita, ko da ƙawarta ce ta ɗauka da wasa ta sa a status, wallahi yarinyar ta gama ninkaya har abada, kuma ba ita kaɗai ba, iyayen sauran ma za su janye nasu. A garin nan ba sai an yi mugun nufi ba, abin ya zaga dangi kafin Magariba. Ɗiyata tana son wasan nan har ranta, kuma kullum wannan fargabar nake kwana da ita. Don haka dokar ta hau kan kowa, har mu iyaye da ke zama a gefe. Wanda zai ɗauki bidiyon gyara, da izinin uwar yarinya, a wayar uwar, ba ta wani ba.

Maman Biyu:
Na goyi bayan Malama ɗari bisa ɗari.

Koci:
Malama, na karɓa. A lokacin 'yan mata ko tawa wayar zan bar ta hannun mai kula da su, ita za ta riƙa amsa kiran iyaye.

Mu dawo kan ranar gasa, tunda Hajiya ba ta gamsu ba. Bari in ba ku labarin da duk mai koyar da iyo ya sani. A Olamfik ta Landan a 2012, Emily Seebohm ta Ostareliya ta yi mita 100 na iyon rigingine a daƙiƙa 58.23 tun a zagayen share fage, wanda ya zama sabon tarihi a Olamfik. Kowa ya ɗauka zinare nata ne. A zagayen ƙarshe sai ta yi 58.68, Missy Franklin ta Amurka ta ci da 58.33. Ku duba lambobin da kyau: da ta maimaita abin da ta yi da farko, ita ce da zinare. Bayan gasar da bakinta ta gaya wa 'yan jarida cewa ta daɗe a Twitter da Facebook tana karanta saƙonnin masu ce mata ai ta riga ta ci. Wannan babbar 'yar wasa ce mai ƙwararru kewaye da ita. Ina ga yaronmu da zai buɗe waya ya tarar da saƙo talatin daga 'yan ajinsu da 'yan uwa, kowa na cewa kada ka ba mu kunya?

Ɗalibin Jami'a:
Koci, da girmamawa, Missy Franklin zinare huɗu ta kwasa a Landan ɗin nan. Ba lallai waya ce ta kayar da Seebohm ba, ta yiwu tsoron wadda ke layin kusa da ita ne. Wanda ya faɗi yakan nemi abin da zai kama. Kuma Michael Phelps, mai lambobin Olamfik 28, 23 daga ciki zinare, ai da abin sauraro a kunne yake fitowa har bakin ruwa. Ba wanda ya ce kiɗa ya ɗauke mashi hankali.

Likita:
Abu biyu kuke haɗawa. Mai sauraron abin da ya zaɓa tun jiya, ya toshe kunnensa ne daga hayaniya. Mai karanta saƙo kuwa ya buɗe ƙofa ne kowa ya shigo mashi da nasa, bai san me zai tarar ba: yabo, gori, faɗan ƙawaye, labarin rasuwa. Ko wanne sai ƙwaƙwalwa ta yi aiki a kansa.

An ma gwada wannan a kan masu ninkaya. Wasu masu bincike a Brazil sun sa gwanayen 'yan iyo sun yi minti 30 a kafafen sada zumunta dab da shiga ruwa, suka kwatanta da ranar da ba su yi ba. Sun samu gajiyar ƙwaƙwalwa ta ƙaru, gudunsu ya ragu a mita 100 da 200, amma a mita 50 ba a ga bambanci ba. Wannan ya yi daidai da hankali. Mita 50 ƙarfi ne kawai, kafin ka yi tunani an gama. Mita 200 kuwa sai ka raba ƙarfinka, ka daure lokacin da huhu ke ƙuna, kuma dauriya daga kai take fitowa. Ba mutane masu yawa aka gwada ba, kuma ba yara irin namu ba ne, don haka ban ce a ɗauke shi kamar yankan wuƙa ba. Amma ya isa a ce rabin awar ƙarshe kafin tsere a bar wa yaro kansa.

Koci:
Kuma ku san ƙanƙantar abin da ake rabuwa da shi. Phelps ɗin da ɗalibina ya ambata, a Beijin a 2008 da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ya ci Milorad Čavić a mita 100 na iyon malam-buɗe-littafi. A mita 200 na wannan salon kuma ruwa ya cika mashi tabarau, bai ganin komai, ya riƙa ƙirga jan hannunsa har ya taɓa bango, ya kafa tarihin duniya. Ya iya haka ne don ya san adadin jan da ke kai shi bango, ya sha ƙirgawa a atisaye. Abin da nake roƙon yaranmu ke nan, su ƙirga. Na tambayi yaro jan hannu nawa ya yi daga bango zuwa bango, sai ya tsaya yana kallona. A nan gida ma, Abiola Ogunbanwo da 59.74 ta zama mace ta farko 'yar Najeriya da ta sauka ƙasa da minti ɗaya a mita 100, a Olamfik ta Tokyo. Ko sulusin daƙiƙa bai cika ba tsakaninta da minti ɗayan.

Ɗalibin Jami'a:
To tunda an zo nan, iyayena ku gafarce ni, zan faɗi wadda ta fi nauyi. Saƙonnin ranar gasa, yawancinsu daga gida suke zuwa. Na zauna da yaran nan a wurin jiran kira, na ga abin da ke shigowa. Ba 'yan ajinsu ba ne ke kira sau biyar a awa ɗaya. Mama ce: ka ci abinci, an kira ku, na nawa ka zo, ɗan wane fa na nawa ya zo. Baba ne: ka tuna kuɗin motar da na kashe. Na ga yarinya tana kuka kafin ta shiga ruwa saboda saƙon murya daga gida, ba kuma zagi ba ne, addu'a ce da fatan alheri, amma ta ji kamar an ɗora mata dangi duka a ka. Yaro zai iya share saƙon aboki, ba zai iya share na mahaifiyarsa ba. Sannan jadawalin atisaye ma wani lokaci sha ɗayan dare yake shigowa zauren yara. Wanda aka ce ya kwanta tara da rabi, yaya zai gani?

Koci:
Jadawalin ba ni ke riƙe shi ba, sai masu kwamin sun tabbatar mani ba su da biki ko taro washegari, su kuma sai dare suke faɗa. Abin da zan iya shi ne in daina turawa zauren yara, in riƙa turowa nan. Ku ne za ku gaya masu da Asuba.

Alhaji daga Daura:
Hakan ya fi. Dama ni ban so a ce babba yana tura wa yaro saƙo kai tsaye da dare ba, ko wane ne. Komai ya bi ta hannun iyaye.

Maman Biyu:
Ɗana, ka yi magana kuma na ji ta. Amma ka sani uwa ba don ta takura ba take kira. Ka tura yaro wata jiha, kwana ɗaya cur a mota, cikin mutanen da ba ka sani ba, abincin da bai saba ba. In an ce kada in kira shi tun safe har yamma, a ba ni wanda zan kira.

Likita:
Wannan haƙƙinki ne Hajiya. A naɗa babba ɗaya cikin masu rakiya wanda aikinsa ke nan, ya riƙa sanar da iyaye a nan: sun tashi lafiya, sun karya, wane ya shiga, wane ya fito. Koci kuma ina ba ka shawara kada ka bari sai ranar gasa ka fara karɓar waya da safe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya saba da ita a tafin hannu, in ka raba su farat ɗaya a ranar da ya fi jin tsoro, ka ƙara mashi wata damuwar ce. A fara tun gwajin da kuke yi a gida, ya saba da zaman jira ba komai a hannu, ya koyi abin da zai yi da wannan lokacin: miƙa jiki, numfashi, bin tseren a zuci tun daga tashi har taɓa bango.

Baffa na Ƙofar Marusa:
Duk na ji, amma ina nan kan bakata. Kuna ta yi wa abu dabara alhali cire shi ya fi sauƙi. Gasar Matasa ta Ƙasa da aka yi shekaru ana yi a Ilorin kafin a kai ta Asaba, yaran Delta da Bayelsa da za su tarar can a bakin ruwa aka haife su. Namu awa biyu suke samu, a kwamin haya, cikin sanyi. Wanda aka riga aka yi wa nisa haka ba shi da rarar hankalin da zai raba da TikTok. Nawa jikan dai da ƙaramarsa zai tafi.

Malama:
Baffa, in an yi tafiyar ni zan raka 'yan mata in Allah Ya yarda, na riga na yi magana da maigidan. Da dare wayoyinsu a ɗakina za su kwana, in yi masu caji. Na maza sai a samu wani cikin iyaye maza.

Alhaji daga Daura:
In tafiyar ba ta faɗo ranar Laraba ba, zan iya. Amma manyan fa, 'yan sha shida da sha bakwai da ke zuwa wasu gasannin, su ma karɓa za a yi? Wannan sai an zauna da su, ba a zaure za a yanke ba.

Koci:
Zan tara su ranar Asabar bayan atisaye, duk uban da ke da hali ya tsaya. Malama, sai a sa lokacin da kowane yaro zai kira gida in an yi tafiya. Ina ganin bayan Magariba.

Maman Biyu:
A mayar da shi bayan Isha'i don Allah. Babansu ba ya dawowa daga kasuwa kafin nan, kuma zai so ya ji su shi ma.